Daga Bakin Shago: Motar da ke aman wuta ta salansa, ƙarfi ne ko ciwo?

   

A makon jiya na yi alkawarin za mu ci gaba da maganar bashi tsakanin ɗan kasuwa da ɗan uwansa. To ku yi mini afuwa, na ɗage ta. Wata baiwar Allah ce ta aiko mini da saƙo daga Lome, kuma tun da na karanta shi ya tsaya mini a rai. Ta ce ɗanta ya tara abin da yake samu a shagon mahaifinsa ya sayi mota, bai yi wata biyu da ita ba ya kai ta wajen wasu yara masu kwamfuta, wai sun gyara ta. Yanzu duk sa'ad da ya shigo layi sai a ji tas-tas-tas kamar ana harbi, da dare kuma har wuta ake gani tana fita ta salansa. Da ta yi masa magana sai ya ce, "Hajiya, ai ƙarfin inji ne, ke ba za ki gane ba." Shi ne take tambaya: da gaske ƙarfi ne, ko kuwa wata rana motar za ta kama da wuta da ɗanta a ciki?

Hajiya, ni ba makaniki ba ne, ban kuma yi karatun injiniya ba. Amma na haura shekara 20 ina saye da sayar da motocin Beljiyam da kayan gyaransu a nan Kwatano, kuma wannan wutar da kike magana ta taɓa ƙona mini aljihu, ta kusa ƙona mini mutunci. Bari in fara da labarin.

Yadda abin ya same ni

Wata mota ƙirar Jamus ce ta faɗo hannuna a fakin motoci na Sekanji, kan hanyar da ta nufi iyakar Seme. Daga Amurka aka kawo ta. Silinda shida, turbo biyu, baƙa wuluk, kujerun fata, kai ka ce jiya ta fito daga kamfani. Kuɗinta kuma ya yi sauƙi, irin sauƙin da ya kamata ya sa ni in tsaya in yi tunani. Amma kun san halinmu in muka hango riba. Da aka tayar da ita na ji muryarta ta fi ta 'yan uwanta kauri, sai dillalin ya ce, "Alhaji, ai ta masu gudu ce, haka suke." Na biya.

Akwai ɗan ƙanwata da aka turo mini daga Maraɗi ya koyi kasuwa, yaro mai hankali, sai dai motoci sun shiga ransa. Na ba shi makulli ya kai ta gida ya ajiye. Ashe a hanya ya gano cewa in ya taka totur sosai ya ɗaga ƙafa, motar tana yin tsawa. Bayan sallar isha'i ya tara abokansa a bakin layinmu a Zongo zai nuna musu. Muna zaune a benci wajen mai shayi sai muka ji fau! fau! fau! haske ya gilma a jikin bango. Wata maƙwabciyarmu, wadda harbe-harbe ne suka raba su da garinsu, ta watsar da farantin da ke hannunta, ta suri ɗanta ta yanka a guje ba takalmi, tana salati. Tsofaffi biyu suka kwanta a ƙasa. Mai shayi ya tsere ya bar buta a kan wuta.

Abin da ya fi ɗaga mini hankali sai da na isa wajen. Bayan motar yana fuskantar teburin mai sayar da fetur a kwalabe, wanda mutanen nan ke kira kpayo. Tsakanin bakin salansa da kwalaben bai fi taku biyu ba. Duk wanda ke ƙasar nan ya san abin da gobarar fetur ta yi a Seme-Kirake a watan Satumba na 2023, inda rumbun mai ya kama, mutum fiye da 30 suka rasu. Fetur ba ya neman babbar wuta, tartsatsi ɗaya ya ishe shi.

Na ce, "Kai, wane irin shashanci ne wannan?" Ya ce, "Kawu, wallahi ban taɓa komai a jikinta ba, haka na same ta. Ai alamar lafiyayyen inji ce." Kun ji, maganar ɗan Hajiya ce sak.

Washegari na kai ta wajen wani dattijon makaniki da muka daɗe tare, mutumin da ya fara aiki tun zamanin Fijo 404 har ya zo ya koyi duba mota da na'ura. Ya sa aka ɗaga ta, ya leƙa ƙasa, ya jona na'urarsa, sannan ya zaunar da ni ya yi mini karatu. Abin da ya gaya mini, da abin da na ƙara sani daga baya, shi zan ba ku.

Ina wutar take fitowa?

Injin fetur aiki huɗu yake maimaitawa. Fistin ya sauka ya zuƙo iska da mai. Ya hau ya matse su. Fulogi ya ƙyasta, su fashe su tura fistin ƙasa, nan ne ƙarfin da ke juya taya yake. Sannan fistin ya sake hawa ya kori hayaƙin ta bawul ɗin fita zuwa salansa. Bajamushen nan Nikolaus Otto ne ya kammala wannan tsari a 1876, kuma har gobe shi ake bi. In allurar da ke gabanka ta nuna juyi 3,000 a minti, kowace silinda tana fashewa sau 25 a cikin daƙiƙa ɗaya. Wato wuta kam akwai ta a kowace mota, har da tsohuwar tasi. Amma wurinta cikin silinda ne, a rufe, inda za ta yi aiki.

Kafin mai ya ƙone tas, yana son iska daidai gwargwado: kilo ɗaya na fetur yana neman kilo 14.7 na iska. In mai ya yi yawa, ko fulogi bai ƙyasta a kan lokaci ba, wani ɓangare na man zai tsere ɗanye ya bi hayaƙi ya shiga salansa. Ita kuwa salansa, kusa da inji, hayaƙin da ke bi ta cikinta kan haura digiri 800 in ana aiki da motar sosai, alhali tururin fetur yana iya kamawa da kansa tun bai kai digiri 300 ba. Ga mai, ga zafi, saura iska. Kamar duwatsun murhu ne, in uku suka cika tukunya ta zauna. Iskar kuwa ko dai ta biyo man daga inji, ko ta shigo ta wata kafa a jikin bututu, ko a same ta a bakin salansa. In sun haɗu a tsakiyar bututu sai a ji ƙara. In sai a bakin fita suka haɗu, shi ne ake ganin harshen wuta.

Hajiya, ke da kike girki da gas kin san wannan. In kika buɗe gas kika tsaya neman ashana, da kin ƙyasta sai ki ji bum! Gas ne ya taru ya kama a tare, a inda bai kamata ba. Ba wanda zai ce wannan alamar risho mai ƙarfi ce. To haka wutar salansa take: mai ne da aka saya da kuɗi, ya ƙi ƙonewa inda zai tura mota, ya je ya ƙone a waje.

Abin da masu gyaran ganganci ke yi

Motar zamani tana da ƙwaƙwalwa, akwatin nan da makanikai ke kira birenbos. Shi ke auna man da nozul za ta fesa, shi ke gaya wa fulogi lokacin ƙyastawa. Yadda kamfani ya tsara, in kana gudu ka ɗaga ƙafa daga totur, birenbos yana yanke man gaba ɗaya har sai juyin inji ya sauko. Shi ya sa mota mai lafiya ke gangara shiru. Yaran nan masu kwamfuta abu biyu suke canzawa. Na ɗaya, su hana shi yanke man, nozul ta ci gaba da ɗigo alhali ka ɗaga ƙafa. Na biyu, su jinkirta ƙyastawar fulogi har sai fistin ya riga ya yi nisa da sauka, bawul ɗin fita yana dab da buɗewa. Sai wutar ta bi hayaƙi ta fita tana ci, ta tarar da ɗanyen mai a bututu. Tas-tas-tas ɗin da kike ji ke nan. Ku lura da kyau: a daidai lokacin da ake wannan tsawa, ƙafar direba ba ta kan totur. Motar ba ta ja, gangara take yi. To ina ƙarfin?

Abu na gaba shi ne cire indomi. Ga wanda bai sani ba, a ƙarƙashin mota kusa da inji akwai wani kumburi a jikin salansa, cikinsa kamar saƙar zuma, shi ya sa makanikan Najeriya suka laƙaba masa sunan taliyar nan, masu Faransanci kuma suna ce masa katalizar. An shafe ramukansa da ƙarafa masu tsada, filatinam da faladiyam da rodiyam. Aikinsa ya ƙarasa ƙone ragowar mai da gubar hayaƙi a hankali, ba ƙara ba harshen wuta. Amurka ta fara sa shi a yawancin sababbin motoci a 1975, Turai ta bi baya a farkon shekarun 1990. Masu son wuta cire shi suke yi, su cire tukunyar salansa da ke rage ƙara, su sa mai walda ya jona bututu miƙaƙƙe. Da zarar an yi haka babu abin da zai tare wuta daga inji har waje. Motata haka aka yi mata tun a Amurka. Dattijon ya nuna mini waldar da idona.

Akwai kuma masu taka totur mota na tsaye har allura ta kai ja. Kowace mota tana da iyakar juyi. Ta kamfani, in an kai iyaka, yawanci mai take yankewa. Masu tsere sukan mayar da ita ta riƙa yanke wutar fulogi maimakon mai. Sai man ya ci gaba da wucewa ɗanye yana taruwa a salansa, da wutar fulogi ta dawo sai duk ya tashi a tare. Irin wannan ce ke ba da ƙarar da ta fi kama da bindiga, kuma ita ce kuke gani a bidiyon TikTok ana yi kafin a tashi tsere.

Wasu suna canza sandar kam, wadda ke buɗe bawul tana rufewa, su sa irin ta motocin tsere. A kowane inji akwai ɗan lokacin da bawul ɗin shiga da na fita ke buɗe a tare. Kam ɗin tsere yana tsawaita wannan lokaci, sai sabon mai ya shigo ta wannan ƙofa ya fice ta waccan bai tsaya ba. Har ila yau salansa ce ke karɓarsa.

Akwai ma waɗanda ba ruwansu da inji. Fulogi guda suke dasawa a kusa da bakin salansa, su sa masa maɓalli a gaban direba. Samarin Amurka masu ƙawata tsofaffin motoci suna yin haka tun shekarun 1950. Wannan kam ko mai shi ba ya cewa ƙarfi ne, wasan wuta ne kawai.

Inda abin ya samo asali

Don adalci, akwai wurin da wannan wuta take da amfani, kuma daga can yaranmu suka kwaso ta. Turbo fanka biyu ce a sanda ɗaya. Hayaƙi yana juya ta farko, ta biyun tana cusa wa inji iska da ƙarfi don ya ci mai da yawa ya ba da ƙarfi da yawa. Juyinta yana haura 100,000 a minti. Matsalarta ɗaya: in direba ya ɗaga ƙafa zai sha kwana, hayaƙi ya ragu, fankar ta yi sanyi, da ya sake takawa sai ya ɗan jira kafin ƙarfi ya dawo. A tseren motoci na cikin daji da duwatsu wannan jiran yana iya jawo a sha kashi. Shi ne injiniyoyi suka riƙa amfani da dabarar ƙona mai da gangan a cikin bututun da ke gaban turbo, don fashewar ta riƙa juya fankar ko da ƙafa na sama. A shekarun 1990 motoci irin su Toyota Celica da Subaru Impreza da Mitsubishi Lancer Evolution suka yi suna da wannan tsawa da wuta. Da Lancer ɗin ne Tommi Mäkinen na Finland ya ci gasar duniya sau huɗu a jere, daga 1996 zuwa 1999.

Amma su waɗannan, kamfani ne ke bayansu. Ayarin makanikai na jiransu a kowane zango, kayan da aka yi musu na musamman ne masu jure zafi, kuma ana canza su a kai a kai. Sun san wutar tana cin turbo, sun yarda su biya don su ci kofi. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Shi kuwa ɗanmu da ke kai kaya shago, ya kai Hajiya asibiti, ya ɗauko ƙannensa daga makaranta, wane kofi yake nema a layin Zongo?

Gaskiya ne kuma wasu motocin sun fito daga kamfani da 'yar wannan ƙara, kamar Jaguar F-Type da Mercedes-AMG A45. Su an auna musu abin kaɗan ne, indominsu na nan, kuma injiniyoyin da suka ƙera injin ne suka auna. Ba ɗaya ba ne da abin da yaro zai sauko da shi daga intanet ya ɗura wa motar da ta riga ta yi tafiyar kilomita 200,000.

In ba wanda ya taɓa ta fa?

Wani zai ce ni motata ba a yi mata komai ba, amma tana wannan ƙara. To kai taka rashin lafiya ce, kada ka yi wasa da ita. Fulogi ko koyil da ya mutu yana sa silinda ɗaya ta riƙa tura mai ɗanye. Nozul mai yoyo haka. Sensar da ke shinshina hayaƙi, in ta lalace, birenbos yakan riƙa ba da mai fiye da kima, za ka ga baƙin hayaƙi da warin fetur. Gaskit ɗin manifol da ya fashe, ko huda a bututu kusa da inji, yana zuƙo iska daga waje, sai ka ji fat-fat in kana gangara. Bawul ɗin fita da ya ƙone ba ya rufuwa sosai, wuta na bi ta gefensa. Bel ɗin tayimin da ya tsallake haƙori ɗaya yana rikita lokacin komai. Kuma kada a manta, ba masu tsere kaɗai ke cire indomi ba. Ɓarayi ma suna yanke shi saboda ƙarafan da ke ciki, a mayar maka da bututu fanko ba ka sani ba.

Akwai wata kuma da ba ta baya take fita ba, ta gaba take dawowa, ta hanyar da iska ke shiga. Tsofaffin direbobin Fijo 504 sun san ta, su suke cewa kafireta ta yi atishawa. Ita yawanci ƙarancin mai ne ke kawo ta: in iska ta yi yawa, cakuɗin yana ci a hankali, har bawul ɗin shiga ya sake buɗewa wutar ba ta mutu ba, sai ta koma baya. Ko kuma yaron makaniki ya juya wayoyin fulogi. Yawancin injin silinda huɗu 1-3-4-2 yake ƙyastawa, in aka saɓa sai wuta ta tashi ƙofa na buɗe. Wannan ta fi haɗari nan take, don tana iya kama matatar iska a ƙarƙashin bonet, kusa da tiyon mai.

Abin da wutar ke ci

Dattijon ya lissafa mini su da yatsu. In indomi na nan, zafin yana narka saƙar ya toshe, mota ta rasa numfashi. In akwai turbo, fashewar tana dukan fikafikanta har su tsattsage. Bawul ɗin fita na ƙonewa, gaskit na fashewa, sensa na mutuwa. Man da ya yi yawa a silinda yana wanke baƙin mai daga jikin bango, ya gangara ya tsinka wanda ke cikin inji, ƙarfe ya fara cin ƙarfe. Bamba ta baya, da yake roba ce, tana narkewa. In bututu ya huje a ƙarƙashin kujera, gubar hayaƙin nan da ba ta da wari ba ta da launi tana iya shigowa ciki, yara na baya a zaune. Ga kuɗin mai, wanda tun da Najeriya ta cire tallafi a watan Mayu na 2023 kowa daga Seme har Garwa ya san yadda ya koma.

Yanzu ga inda na yi laifi, kuma zan faɗa don wani ya tsira. Dattijon ya ce mini, "Alhaji, a mayar mata da indomi, a wanke mata kai a mayar da tsarin kamfani, sannan a kwance turbo a duba, don ban yarda da kukan da nake ji ba." Na lissafa kuɗin na ga zai cinye ribar. Ga shi wani abokin cinikina daga arewa ya riga ya ba da kafin alƙalami. Sai na sa aka ɗaura mata tukunyar salansa kawai, ƙarar ta ragu, na miƙa makulli na yi shiru. Wata uku ba su cika ba ya kira ni, turbo ɗaya ta tarwatse a hanya da iyalinsa a ciki, sun kwana a daji. Makanikinsa ya gaya masa komai. Bai zage ni ba. Cewa ya yi, "Alhaji, da ka gaya mini ai da na saya a haka, in gyara da kaina." Wallahi da ya zage ni da ya fi mini sauƙi. Na biya kuɗin gyaran, fiye da jika 600 na sefa, na roƙe shi gafara. Ya yafe, amma sai da muka yi shekara biyu bai sake sayen ko fulogi a hannuna ba.

Ga masu saye

'Yan uwana masu shiga faki, ku riƙe waɗannan. Ku duba bamba ta baya kusa da salansa, in akwai baƙin toka mai kauri ko roba ta lanƙwashe, an yi wasan wuta da ita. Ku durƙusa ku leƙa ƙasa, sabuwar walda ko bututu mai sheƙi a inda ya kamata a ga kumburi tana da magana. Ku murɗa makulli ba tare da tayarwa ba, fitilar inji dole ta kama sannan ta mutu bayan an tayar. In ba ta kama ba sam, an kashe ta ne don a ɓoye wani abu. Ku zaro sandar auna baƙin mai ku shinshina, in kun ji fetur ku yi hattara. Ku bari inji ya yi zafi, ku hau titi, ku taka ku ɗaga ƙafa ku saurara. Sannan ku biya a jona mata na'ura. Duk motar da aka sayar a Amurka daga 1996 tana da wurin jonawar, motocin fetur na Turai kuma daga 2001. Kuɗin dubawar bai kai na shayin dillalai ba.

Amsar Hajiya

Hajiya, ki gaya wa ɗanki Kawunsa na Kwatano ya ce wannan wutar ba ta ƙara wa mota ko taku ɗaya. Kuɗinsa ne ke fita ta salansa, sauran kuma yana jiransa a gareji. Motar ba lallai ta kama da wuta gobe ba, amma in ya tsaya kusa da mai sayar da fetur, ko kan busasshiyar ciyawa, ko a garejin da ake ajiye jarkoki, abin da ba a fata yana iya faruwa. Ya kai ta wajen makaniki na ƙwarai a mayar da tsarin kamfani, a mayar da indomi, a duba fulogi da baƙin mai.

Sannan ki tuna masa da mutanen layi. A ranar 6 ga Agusta 2019, ƙarar salansar babur ta tarwatsa jama'a a dandalin Times Square na birnin New York, suna gudu suna tattake juna, don kwanaki kaɗan kafin nan an yi harbe-harbe a El Paso da Dayton. In haka ta faru a can, ina ga unguwanninmu, da ke cike da mutanen da suka baro gida saboda ƙarar bindiga? Malamai sun sha gaya mana girman haƙƙin maƙwabci da munin firgita mutum ko da wasa. Mu kuma baƙi ne a ƙasashen nan. Abin da yaro ɗaya ya yi, da sunan Hausawan Zongo gaba ɗaya ake faɗarsa.

Amma kada ki kashe masa son mota. Ɗan ƙanwata, bayan na kai shi ya durƙusa ya ba wa maƙwabciyar nan haƙuri, na haɗa shi da dattijon makanikin ya koyi aikin na'ura. Yau shi ke bina faki da kwamfutarsa, kuma ba na biyan kuɗin mota sai ya ce in biya. Wasu 'yan kasuwar ma hayarsa suke yi. Kwanan baya wani yaro ya zo masa da kuɗi a hannu wai a sa wa motarsa wuta. Ina ji daga cikin shago yana ce masa, "Je ka tambayi Kawu nawa wutar ta ci masa."

Allah ya shirya mana zuri'a, ya tsare mu daga gobara da asara. Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu koma kan maganar bashi. Wanda ke da tambaya ya aiko ta hannun edita kamar yadda aka saba.